Me ya sa iccen tuffa ke cika da fure amma ya ƙi ƙulla ɗiya?

Shekarun nan sha'awar dashen tuffa ta shigo mana Sakkwato da ƙarfinta. Aful ɗin nan dai da muka saba gani an jera a baro ko cikin kwali a bakin kasuwa da ƙofar asibiti, wanda galibinsa daga Afirka ta Kudu ake shigo da shi, yanzu mutane da yawa so suke su tsinke shi a tsakar gida ko a garka. Mutum zai ga bidiyo a Facebook ko TikTok, icce ɗan guntu ya sha lodin ɗiya har rassa na taɓa ƙasa, a ce masa ai ko'ina yana yi, sai ya tura kuɗi a ɗoro masa dashe a mota. Ya haƙa rami ya zuba takin gida, ya yi ta ban ruwa safe da marece, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In Allah ya sa iccen ya rayu wata rana sai ga fure fari mai ɗan ja-ja, gida ya cika da murna, kafin sati biyu furen ya bushe ya kakkaɓe, sama ko ɗa ɗaya babu. Daga nan sai zarge-zarge, wani ya ce taki ne bai isa ba, wani ya ce namiji aka sayar masa, wani ma ya ce baki ne ya kama iccen.

Abin yana ba ni tausayi wallahi, don dashen nan ba arha gare shi ba, kuma wahalar ban ruwa a ƙasarmu sai wanda ya yi ya sani. Sau da yawa kuma abin da ya hana ɗiya tun ranar sayen dashen aka yi shi, mutum ya sayo iri ɗaya tak.

Mu fara kawar da maganar namiji. Tuffa ba dabino ba ce kuma ba gwanda ba, babu icce namiji babu icce mace. Ka tsinko fure ɗaya ka duba shi da kyau. Ganyen furen 5 ne. A ciki za ka ga 'yan siraran zare wajen 20, kowane da ɗan kai rawaya, su ne ɓangaren namiji, su ke fitar da garin fure. A tsakiyarsu akwai wasu 'yan sanduna 5 masu ɗan kore-kore, kansu da danshi mai yauƙi, su ne ɓangaren mace, kowace sanda ta gangara zuwa ɗaki guda a gindin furen, kowane ɗaki kuma galibi ƙwai 2 ke ciki. Gindin nan shi ke kumbura ya zama aful ɗin da muke ci. Kenan namiji da mace suna cikin fure ɗaya, tsakaninsu bai kai faɗin farce ba, amma duk da haka mafi yawan nau'in tuffa ba ta karɓar garin furenta.

Ga yadda abin yake. Garin fure in ya sauka kan sandar macen ba a nan aiki ya ƙare ba, sai ya tsira ya fitar da wani siririn bututu da zai ratsa ta cikin sandar har ƙasa inda ƙwan yake, sannan barbara ta tabbata. To a hanyar nan ake tare shi. Kowane irin tuffa yana da wasu lambobin gado guda 2, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, masana na rubuta su da harafin S, wato S1, S2, S3, haka har sama da 20 da aka gano. Kowace ƙwayar garin fure tana ɗauke da ɗaya daga cikin lambobi 2 na iccen da ta fito. Ita kuma sandar macen tana fitar da wani sinadari da ke gane lambobinta, in bututun da ke saukowa lambarsa ta zo ɗaya da tata sai ta tsayar da shi tun yana sama-sama, ba zai taɓa isa ga ƙwai ba. In lambar baƙuwa ce sai ta bar shi ya wuce. Haka Allah ya halicce ta, don zuriyarta ta riƙa gauraya, tun kakanninta da ke fitowa a daji cikin duwatsun Kazakistan.

Yanzu wani zai ce to ai ni ba icce ɗaya na dasa ba, 20 na dasa. A nan ne aka fi yin asara. Tuffar kirki ba a shuka ta daga ƙwaya, aure ake yi mata yadda ake yi wa mangwaro, a yanko reshe daga uwar a ɗaura kan wani gindi. Saboda haka in ka ɗauki irin tuffar da ake kira Anna, duk wata Anna da ke duniya icce ɗaya ce da aka yi ta yanka ana aurawa tun daga na farkon da aka samar a Isra'ila cikin shekarun 1950. Anna 20 ko 200 a garkarka, lambarsu ɗaya, ƙudan zuma ya ɗauko gari daga wannan ya kai wancan, a wurin furen daidai yake da garin kansa. Har ma irin da suka samu daga canjin reshe, kamar Royal Gala da ta fito daga jikin Gala, launi ya bambanta suna ya bambanta amma lambar tana nan yadda take.

Kuma ba kowane iri 2 ne ke dacewa ɗari bisa ɗari ba. Golden Delicious lambobinta S2 da S3. Gala, wadda aka samar a Niyu Zilan kuma ɗiyar Golden ɗin ce, nata S2 da S5. Ka ga sun yi tarayya a S2, don haka in garin Golden ya sauka kan Gala rabinsa ne kawai zai wuce, mai S3, mai S2 ɗin a tare shi. Ana samun ɗiya, amma in ƙudan zuma ya yi ƙaranci ko yanayi bai yi daɗi ba, a nan za ka ga gibin. Fuji ta Japan kuwa S1 da S9 gare ta, ita da Gala ba su haɗa komai ba, duk garin da ya sauka yana da hanya. Sannan akwai wasu irin da ƙwayoyin gadonsu linki 3 ne maimakon 2, wato 51 maimakon 34, kamar Jonagold da Mutsu da Bramley ta Ingila. Waɗannan suna karɓar gari su yi manyan ɗiya amma nasu garin kusan ba ya aiki, wanda ya dasa Jonagold da wani iri ɗaya zai ga Jonagold ta ƙulla ɗayan ya tashi a banza, sai an kawo na uku. Jonagold ma ko garin Golden ba ta karɓa don S2 da S3 ɗin duka tana da su, Golden ɗin na cikin iyayenta.

Na kawo sunayen nan ne don a gane tsarin, ba wai don su za mu dasa ba. Irin su Fuji da Gala da Red Delicious sanyi suke so na gaske, wanda ake ƙirga shi da awannin da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 7, wasu na buƙatar awa 800 ko 1,000 kafin su farka daga barcin hunturu su yi fure yadda ya kamata. Mu kuwa ko a tsakiyar ɗari, Disamba da Janairu da muke ƙudundune da bargo muna jin wuta, da wuya dare ya kai kusa da wanga sanyi. Waɗanda ake gwadawa a ƙasashen zafi su ne marasa buƙatar sanyi da yawa, Anna da ke wadatuwa da awa 200 zuwa 300, da Dorsett Golden da aka samu a tsibiran Bahamas wadda nata ma bai kai haka ba, da Ein Shemer, da kuma Wambugu ta Kenya da ake ta tallarta yanzu. Anna da Dorsett Golden kuwa an daɗe ana haɗa su, garinsu na karɓar juna kuma kusan tare suke fure.

Za ka ji mai sayarwa ya ce Anna tana yi ita kaɗai. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma bai faɗi duka ba. Akwai irin da shingen nan bai yi tsauri a jikinsu ba, Anna na ciki, Golden Delicious da Granny Smith ma ana sa su ciki, sukan ƙulla ɗan abin da ba a rasa ba ko ba abokin barbara. Sai dai ɗiyan kaɗan ne, na Anna sukan fito dogaye sirara, ka yanka ka tarar ciki kusan wayam ba ƙwaya, kuma su ne na farkon zuba in iccen ya ɗan wahala. A ƙasar da yanayi ke lallaɓa icce ana iya zama da haka. A Sakkwato da komai ke matsa wa iccen, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya jingina da wannan ba.

Maganar ƙwaya kuwa ita ce ma'aunin da kowa zai iya dubawa da wuƙa a hannu. Sayi aful ɗaya, kar ka yanka shi daga sama zuwa ƙasa yadda aka saba, yanka shi a kwance ta tsakiya. Za ka ga tauraro mai ɗaki 5, ɗakunan nan ne na gindin fure, in barbara ta cika za ka ƙirga ƙwaya har 10. Ƙwayoyin nan ba zaman banza suke ba, su ke fitar da sinadaran da ke jawo abinci daga icce zuwa ga ɗan, su ke sa tsokar da ke kewaye da su ta kumbura. Shi ya sa in ka ga aful ya karkace, gefe ɗaya ya cika gefe ɗaya ya shafe, yanka shi, galibi ɗakunan gefen da ya shafe ba ƙwaya cikinsu. Masu noman kankana a fadama sun san irin wannan, kankanar da ta fito da ƙugu ko wuya a tsuke sau da yawa ƙudan zuma ne bai zagaye furen da kyau ba. Ɗan tuffa mai ƙwaya 2 ko 3 shi ke fara faɗuwa in icce ya tashi rage kaya, mai 7 ko 8 ya riƙe.

Kuma rage kayan dole ne, kar wanda ya ga ƙananan ɗiya na zuba ya ɗaga hankalinsa nan take. Furen tuffa a dunƙule yake fitowa, 5 ko 6 wuri ɗaya, na tsakiyar shi ke fara buɗewa kuma shi ke ba da ɗa mafi girma. In icce ya cika da fure sosai, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai in suka ƙulla sun isa cikakken amfani. Makonni kaɗan bayan fure iccen da kansa zai zubar da raunana, manoman Turai da Amurka ma har rage sauran suke da hannu ko da magani su bar 1 ko 2 a kowane dunƙule, don ɗiyan su girma kuma iccen kar ya gaji ya ƙi yin fure baɗi. Abin tashin hankali shi ne a ga duka sun zube.

To a ce ka samu iri 2 masu dacewa. Saura su yi fure tare, kuma a ganina nan ne ainihin wuyar take a wurinmu. A ƙasashen sanyi hunturu ke kwantar da itatuwa gaba ɗaya, ɗumi ya tashe su gaba ɗaya, cikin sati 1 zuwa 2 duk gona ta yi fari. Inda sanyi bai isa ba kuwa iccen ruɗewa yake, ganye ya ƙi zuba, wannan reshe ya yi fure yau wancan sai wata mai zuwa, Anna ta gama nata Dorsett ba ta fara ba. Iri 2 suna tsaye kusa da juna amma furensu bai taɓa haɗuwa ba, daidai yake da ba ka dasa na biyun ba.

Manoman Batu da ke gabashin tsibirin Java a Indunusiya sun daɗe da samo dabarar wannan. Bayan sun tsinke ɗiya da 'yan makonni sai su bi iccen su zage ganyensa kaf da hannu, su lanƙwaso rassan su ɗaure su a kwance, su datse kawuna. Rashin ganyen ke sa idanun reshe su farka lokaci ɗaya, bayan kamar sati 3 zuwa 4 fure ya fito, da haka suke girbi sau 2 a shekara ba tare da hunturu ba. Amfanin dabarar gare mu shi ne ranar fure ta dawo hannun mai garka, in ka zage Anna da Dorsett cikin kwanaki ɗaya ka tura su su yi fure tare, in kuma ka lura ɗaya na riga ɗaya sai ka fara zage mai nawar. Sai dai kar mu yaudari kanmu, Batu kan tudu take mai sanyi, kamar yadda Jos take sama da mita 1,000, Mambila ma ta fi haka, shi ya sa tuffa ke jin daɗin can. Sakkwato ko mita 400 ba ta kai ba.

Zafin kuma kai tsaye yake shiga cikin barbarar. Fure ba ya jira, ƙwan da ke gindinsa kwanaki kaɗan yake da rai, bututun garin kuma yana cin nasa kwanakin kafin ya isa. In ka cire kwanakin tafiyar bututu daga kwanakin ran ƙwai, abin da ya rage shi ne damar da ake da ita, kuma a yanayi mai kyau ma 'yan kwanaki ne. Zafi mai tsanani na tsufar da ƙwan da wuri, ya busar da yauƙin kan sandar mace yadda gari ba zai manne ya tsira ba, garin kansa ya mutu. Duk furen da ya faɗo cikin Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a garin nan, kusan a lissafa shi cikin asara. Shawarata ita ce a auna zage ganyen yadda fure zai buɗe a farkon sanyi, ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, don ɗiyan su samu watannin ɗari su yi ƙwari kafin bazara ta kankama. Iskar hunturu ma da nata, bushewa gare ta, don haka iccen na son kariya ta gefen gabas da arewa inda take bugowa, ko da zana ce ko jerin itatuwa, kuma gindinsa kar ya bushe a satin fure ko na kwana ɗaya.

Sai mai ɗaukar garin. Garin tuffa nauyi gare shi da danƙo, iska ba ta kai shi ko'ina, aikin ƙwari ne, musamman ƙudan zuma. A manyan gonaki hayar amya ake yi a kawo lokacin fure, kamar 2 zuwa 3 a kowace hekta. Ƙudan zuma kuma yana da hali, in ya kama layi bin layin yake daga icce zuwa na kusa da shi, ba ya son tsallake-tsallake, shi ya sa ba a tara iri ɗaya gabas ɗayan yamma. Ana cuɗa su ne, ko layi-layi, ko a sa abokin barbara a kowane icce na 3 cikin kowane layi na 3, wato 1 cikin 9, kuma tazarar kar ta wuce kamar mita 15 zuwa 20. A cikin gida dai a dasa su kusa da juna kawai.

Nan dole in yi magana kan feshi, don abin na damuna. Mu mutanen fadama hannunmu ya saba da maganin ƙwari, albasa feshi, tumatir feshi, tattasai feshi, wani da rana tsaka ma yake yi. In ka fesa wa icce magani yana cikin fure ka kashe ma'aikatan da za su ƙulla maka ɗiya, in maƙwabcinka ya fesa ma iska ta kawo. A satin fure a ajiye famfon feshi. In ya zama dole a wani abin da ke kusa, a bari sai bayan faɗuwar rana da ƙudan zuma ya koma amya. A gundumar Maoxian ta lardin Sichuan a Sin, ƙarancin ƙwarin nan da yawan feshi na cikin abin da ya sa a shekarun baya manoma suka koma hawa itatuwa suna shafa wa furen tuffa gari ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Ga mai icce 2 ko 5 a gida kuwa wannan aikin hannun ba abin kunya ba ne, shi ne ma mafi tabbas, musamman cikin gari inda ƙudan zuma bai cika zuwa ba. Ka tsinko furen ɗayan irin lokacin da ya kumbura yana shirin buɗewa, ka karkaɗe 'yan kawunan nan rawaya a kan farar takarda, ka ajiye a inuwa cikin ɗaki kwana 1 ko 2 har su fashe su saki gari. Da safe kafin rana ta yi zafi ka ɗauki gashin kaza mai laushi ko ɗan burushi ko ma kan yatsa, ka dangwalo ka taɓa tsakiyar furannin da suka buɗe jiya ko yau, ba sai duka ba, 1 ko 2 a kowane dunƙule ya isa, amma ka tabbata sandunan 5 duk sun samu. In iri ɗaya ya riga ɗaya fure, garin na ajiyuwa cikin busasshiyar kwalba a rufe a firij har ɗayan ya buɗe. In abokinka ke da ɗayan irin a garkarsa, ko reshe mai fure ya yanko maka ka sa a gwangwanin ruwa ka rataya cikin iccenka, ƙwari za su yi sauran.

Wasu na tsoron in an haɗa iri 2 ɗiyan za su gauraye. A'a. Anna da ta karɓi garin Dorsett Anna za ta haifa, launinta da ɗanɗanonta, gaurayen cikin ƙwayar yake. Shi ya sa ma wanda ya shuka ƙwayar aful ɗin kasuwa ba zai samu irin wanda ya ci ba, zai jira shekaru masu yawa, ga shi kuma iyayen ƙwayar 'yan ƙasar sanyi ne.

Ba na cewa barbara ce kaɗai ke zubar da fure. Ƙaramin icce da bai yi ƙwari ba yakan zubar, ƙishirwa na sa haka, yawan yuriya na sa icce ya tafi ganye ya manta da ɗiya. Amma waɗannan ana iya shawo kansu, rashin abokin barbara kuwa in ba a gane ba shekara da shekaru mutum zai yi yana ƙara taki.

Wanda bai saya ba tukuna, ya fara da kaɗan, iri 2 ko 3, kuma ya tambayi mai dashen sunan kowane iri da abokin da ke tafiya da shi, a ɗaura wa kowane shaida tun a leda don da ganye kaɗai da wuya ka bambance su. In ya ce maka aful dai aful ne, ko ya kira shi ja da kore kawai, riƙe kuɗinka. Wanda kuma ya riga ya cika garka da iri ɗaya ba sai ya tumɓuke ba, kuma ba sai ya jira sabon dashe ya girma ba. Ya nemo reshen ɗayan irin, ya kira mai auren mangwaro ya ɗaura masa a reshe ɗaya na kowane icce na 3 ko na 4, ta gefen da rana ba ta dukansa da yawa. Cikin shekara 1 zuwa 2 reshen zai fara fure. A ɗaura masa tsumma ko a shafa masa fenti a gindi, don ranar aski kar a datse shi cikin rashin sani.